Ƙwallo Ɗaya a Ƙoƙon Kaka

Azumin farko da na yi a ɗakin aure, a wani ɗan ƙauye na yi shi, can bayan duwatsun Roni. Gidanmu ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki. Lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi sule goma suke ce mata. Azumin ya faɗo a ƙarshen damina, gero ya nuna, in an sha ruwa sai ki ji ƙanshin tumu yana tasowa daga gidajen da ke gabanmu.

Mu biyu ne rak a gidan, ni da kakar maigidana. Surukata ta tafi Babura wajen 'yarta da ta haihu, sai ta gama mata wankan jego za ta dawo. Shi kuwa Malam, wato maigidan nawa, aikin malamin gona yake yi a Kazaure, yana neman mana ɗakin haya a can bai samu ba tukuna. Sai ya samu sarari yake leƙo mu a kan sabon babur ɗinsa, wanda ya saya da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Rediyon gidan ma da shi ya tafi. Ranar da zai koma bakin aiki ya ce mini, "Ga Kaka nan, amana." Ita kuma daga ƙofar ɗakinta ta ɗaga murya ta ce, "Ƙarya yake yi, ni aka bar wa amanarki."

Kunnen Kaka ya yi nauyi, ko da yake Malam yakan ce abin da ta ga dama shi take ji. Idanunta kuma sun yi yana, inuwar mutum kawai take gani, jinjirin wata kuwa ta daɗe rabonta da ganinsa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, in ta zauna a kan buzunta sai ki zaci tulin wanki ne aka lulluɓe da mayafi. 'Yar boko take kira na, in kuma ta ji daɗin abin da na yi ta ce ƙawata. Ta tambaye ni abin da aka koya mana a makarantar sakandare game da girki, na ce mata gasa burodi da tsabtace ɗakin girki. Ta yi dariya har ta ƙware, ta ce, "Shekara biyar kina cin abincin gwamnati, ba su nuna miki yadda ake dama kunun tsamiya ba?" Ita ta koya mini, tana zaune, da hanci take gane in ya yi.

Tsabtar nan da aka koya mana ita ta ja mini. Wata safiya, azumi ya kusa rabi, Kaka ta fita can wajen rumbu tana shan hantsi, na ce bari in yi mata abin kirki. Na shiga ɗakinta na fitar da komai, na kakkaɓe yana, na share har ƙarƙashin gadonta na kara. A can ƙurya na tarar da wani ɗan ƙoƙo, ya yi baƙi saboda riƙo, cikinsa ƙwallayen dabino ne da aka tsotse. Na ce a raina, tsufa ke nan, har shara ake ajiyewa. Na kai bola na juye, na wanke ƙoƙon tas, na mayar da shi wajensa.

Da na je ɗauko ta, na gaya mata na gyara mata ɗaki. Ta sa mini albarka mai tsawo, har da ta 'ya'yan da ban haifa ba. Muna tafe tana dafe da kafaɗata sai ta ce, "Akwai wani ƙoƙo a ƙarƙashin gado, shi kam a bar shi yadda yake. Azumina ne a ciki."

Sannan ta yi mini bayani. Kullum in an kira magariba, a ɗakinta take fara buɗa baki da dabino ɗaya da ruwa, kafin ta fito wajen kunu, shi ya sa ban taɓa gani ba. Ƙwallon wannan dabinon take jefawa a ƙoƙo. Ba ta ƙirgawa sai ta ji ƙoƙon ya fara nauyi. Ranar da ƙwallo ya cika ashirin da shida, to daren nan shi ne na ashirin da bakwai, daren Lailatul Ƙadri da take jira. Haka ta ga mahaifiyarta tana yi, haka take yi tun tana amarya, kuma bai taɓa saɓa mata ba.

Na ce, "To, Kaka." Abin da na ce ke nan, ban ƙara komai ba. Kunya ta hana ni, ga albarkar da ta gama sa mini ko bushewa ba ta yi ba.

Ina zaunar da ita na zagaya bola da sauri. Ƙwallayen suna nan, sai dai sun gauraya da waɗanda nake zubarwa ni ma, ga kaji sun tona wajen. Ba yadda za a yi in gane nawa ne nata. Ni kuma ban riƙe lissafin kwanakin ba, azumi kawai nake yi, gari ya waye ya faɗi. Amma ban damu sosai ba, don ina da abin da na ɗauka ya fi ƙoƙo. A bangon ɗakina, kusa da jeren kwanonina, akwai kalanda da na zo da ita daga Kano, mai hoton masallaci, ƙarƙashin kowace rana an rubuta kwanan watan Musulunci da ƙananan lambobi. Na duba, ta ce yau sha uku. Wato an sha ruwa sau goma sha biyu ke nan. Na zaɓi ƙwallo goma sha biyu, na goge su da gefen zanena, na zuba a ƙoƙon. Har wani ɗan alfahari na ji, na ce ilimi ya yi rana.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, masu buga kalanda tun bara suka buga abarsu. Mu kuwa da ido aka ga wata, aka aiko da labari daga Kazaure cikin dare, muka tashi da azumi kwana ɗaya kafin ranar da takardar ta sa. Ni da kaina na dafa sahur ɗin wannan daren a gurguje. Amma da na tsaya a gaban rubutu, duk sai na manta. Ƙoƙon Kaka ya koma baya da ƙwallo ɗaya, ba wanda ya sani, har ni.

A cikin goman tsakiya ne muka saba sosai. Da la'asar mukan zauna a inuwar rumbu muna ɓare sabuwar gyaɗa ta kunu. Ita da yatsu take gani, ta fi ni sauri nesa ba kusa ba. Wata rana na tambaye ta ko za ta raya dukkan dararen goman ƙarshe. Ta ce, "Da wane ƙarfin? Gwiwoyin nan dare ɗaya suka yi mini alkawari, shi ma sai na lallaɓa su. Bana kuwa ina ji a jikina shi ne na ƙarshe." Na ce haba Kaka, Allah ya ƙara nisan kwana. Ta ce amin, amma ita tana da buƙata ɗaya a wajen Ubangiji, kuma ba ta son ta tafi ba a biya mata ba.

Can sai ta ci gaba, hannunta bai daina aiki ba.

Tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, da aka aurar a Gwiwa, kuma a wajenta mahaifiyarsu ta ƙarasa tsufanta. Shekarar da aka samu 'yancin kai, ciwon ajali ya kama tsohuwar, tana ta kiran babbar 'yarta. Ƙanwar ba ta aiko ɗan aike na musamman ba, sai ta ba wani mai zuwa cin kasuwa saƙo. Shi kuma ya sha'afa, sai washegari ya iso. Kaka ta kama hanya a ƙafa, ta isa ta tarar an dawo daga maƙabarta. Ta yi zaman makoki ba ta ce wa ƙanwarta uffan ba, ta dawo gida. Bayan arba'in ƙanwar ta tako tun daga Gwiwa, ta same ta tana daka a tsakar gidan nan, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki yafe mini, na yi kuskure."

Kaka ta ce mini, "Ban ajiye taɓaryar ba, 'yar boko. Ina ji tana magana, ina daka. Ta gaji da durƙuso ta tashi, ko ruwan gidan nan ba ta sha ba. Na ce a raina bari ta ɗan ji yadda na ji, da kaka na je mu shirya. Kafin a yanke gero aka aiko mini ta rasu. Wannan karon ɗan aike bai makara ba."

Tun daga shekarar, duk daren ashirin da bakwai abu ɗaya take roƙo, Allah ya yafe mata wannan dakan. Ta ce kuma ba ta taɓa jin an sauke mata ba. Ko gidan 'ya'yan ƙanwar ba ta iya komawa ba, kunyarsu take ji. Na ci gaba da ɓare gyaɗa ina share ido da bayan hannu.

Da aka shiga goman ƙarshe ta fara ƙirga ƙwallayenta kullum bayan magariba, ta zuba su a cinya ta mayar ɗaya bayan ɗaya. Ta sa na wanke mata farin mayafinta, na jiƙa gero don gumbar sadaka, na cika fitilar ƙwai da kananzir. Ranar da ƙoƙo ya nuna ashirin da biyar ta ce, "Gobe war haka muna tsaye. Yau da an yi asham kowa ya kwanta, a tara ƙarfi." A yammacin ne kuma hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa irin na bankwanan damina, tun kafin isha har tsakiyar dare. Ba wanda ya leƙo mu, ba mu ji motsin kowa ba. Muka yi salla muka rufe ƙofa. Barci mai daɗi na yi, da ƙyar na tashi sahur. Da safe ina shanya na ga rana ta fito fara sol kamar faifai, ana iya kallonta ba ta kashe ido. Na ce ikon Allah, na ci gaba da shanyata.

Wajen azahar na ji ƙarar babur. Malam ya shigo ƙafafunsa duk taɓo, da ƙullin dabino da yadin salla. Bayan ya gaida Kaka ya zo ɗaki, yana cire hula ya ce, "Kun dai samu tsayuwa jiya? Mu a Kazaure duk da ruwan nan masallaci ya cika, har asuba ana karatu."

Na ce, "Jiya kuma? Ai yau ne ashirin da bakwai."

Ya ce, "Yau muna azumi na ashirin da bakwai. Daren ai ya wuce jiya."

Na nuna masa kalanda. Ya duba ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai tun ran farko take baya da kwana ɗaya. Kin manta da daddare aka aiko an ga wata?"

Na zauna a bakin gado. Na ba shi labari tun daga shara har zuwa bola, ina yi ina kuka. Ya daɗe yana juya hular a hannunsa. Sannan ya ce, a hankali, "Ki bar ta. Ta tashi yau ta yi ibadarta da zuciya ɗaya. Allah niyya yake dubawa. In kin gaya mata yanzu, me za ki ƙara mata ban da baƙin ciki?"

Ban ce maganarsa ba ta da kai ba, har yau ma ban ce ba. Na fita na hura wuta, na ɗora ruwan kunu, ina ta juya abin. Na hango kaina a daren, ina zaune a bayan Kaka, tana kuka tana roƙo a daren da ta yi imani shi ne, ni kuma na san na ɓoye mata. Na hango ni ma ina ɗaga hannu ina cewa Allah ka yafe mini, alhali wadda na yi wa laifin tana gabana ban buɗe baki ba. Sannan ga wani abu: akwai sauran daren ashirin da tara. In na yi shiru ta ƙarar da ƙarfinta yau, shi ma na hana ta ke nan. Na sauke tukunyar na tafi wajenta.

Tana zaune a ƙofar ɗakinta da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga gero da yatsu. Na durƙusa a gabanta. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne, ba a yi wa Kaka magana a hankali. Laifin da nake so in faɗa cikin raɗa, dole na ɗaga murya na faɗe shi har kaji suna watsewa.

"Kaka, na yi miki laifi."

"Kin ƙona kunun?"

"A'a."

"To tulu kika fasa? In na surukarki ne ki ce ni ce, ba abin da za ta iya yi mini."

"Kaka, ƙoƙonki ne. Ranar da na share miki ɗaki na zubar da ƙwallayen, ban sani ba. Da kika gaya mini sai na ji kunya, na tsinto wasu na mayar, na ƙirga da kalanda. Ashe na rage ɗaya."

Yatsunta suka tsaya, sannan suka ci gaba. Ta ce, "Faɗa mini sosai. Yau nawa?"

"Azumi na ashirin da bakwai muke ciki."

"Wato jiya ne."

"Jiya ne, Kaka."

"Daren ruwan nan." Ta gyaɗa kai. "Na kwanta tun da wuri na yi ta barci kamar jaririya."

Ta sunkuyar da kai tana tsince geronta, tana jefar da tsakuwa gefe ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta yafe mini, ba ta amsa ba. Na sake faɗa da ƙarfi, ko ba ta ji ba, na kuwa san ta ji. Ƙasa da sauran danshi, gwiwoyina suka fara zafi, hawaye yana ɗiga a kan zanena. Ina ganin inuwar Malam a bakin zaure, ya kasa shigowa ya kasa fita. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai ga inuwar rumbu ta matso har ta taɓa ƙafata.

Sai hannunta ya tsaya cak a tsakiyar faifan. Ta miƙo ɗayan tana lalube, ta taɓa kaina, ta gangaro kafaɗata, har ta kai gwiwata ta ji ta a ƙasa.

Ta ce, "Tun ɗazu a durƙushe kike?"

Na ce e.

Ta ce, "La'ilaha illallahu." Ta ɗauke faifan daga cinyarta ta ajiye shi can nesa da ita, har gero ya zube. Sannan ta ce, "A nan ta durƙusa. Nan wajen da kike. Shekara goma sha biyar ina roƙon Allah ya yafe mini abu, yau ya maido mini da shi har ƙofar ɗaki, na kusa sake yi. Tashi, ƙawata. Na yafe miki duniya da lahira. Tashi maza kafin zuciyar nan tawa ta sake shawara, na san halinta."

Na faɗa jikinta ina kuka, ita ma tana yi, tana bubbuga bayana tana cewa ya isa, kar in karya mata ƙashi a bar ta da jinya ranar salla.

Sai a lokacin Malam ya yi gyaran murya ya shigo. Ya tsuguna ya fara bayani da ƙarfi, cewa malamai sun ce ba a yanke daren a kan ashirin da bakwai ba, an ɓoye shi ne a cikin dararen mara na goman ƙarshe, don haka ashirin da tara ma ana sa rai. Kaka ta juya wajen muryarsa ta ce, "Kai malamin gyaɗa, na san wannan tun ba a haifi ubanka ba. Kai dai ka ce mata ta yi shiru, ko ba haka ba?" Ya sosa ƙeya. Ta ce, "Na sani. Halin kakanka ne, Allah ya jiƙansa, shi ma bai son ganin hawaye."

Da aka kira magariba ta sa na ɗauko ƙoƙon. Ta jefa ƙwallon dabinonta, sannan ta ce in jefa nawa da hannuna ya cike gurbin wanda na ɓatar. Ta ƙirga a cinya, ashirin da bakwai cif. Ta ce, "Yau a kwanta. Gobe in Allah ya kai mu, ke za ki riƙe ni, tunda ke kika ja."

Washegari na daka gumbar, aka raba a gidajen maƙwabta tun da la'asar. Bayan asham na kunna fitila a ɗakinta na rage ta, na shimfiɗa mata buzu, na shimfiɗa tabarmata a gefe. Raka'a huɗu ta iya yi a tsaye, ina riƙe da damtsenta wajen tashi, sauran a zaune ta yi su. Da dare ya raba bayanta ya gaji, ta fara karkacewa. Na ce ta kwanta kaɗan, ta ƙi. Sai na zagaya na zauna a bayanta, na juya mata baya, ta jingina da ni. Haka muka zauna, baya da baya, kowa da carbinta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ina jin numfashinta a ƙashin bayana, ina jin duk lokacin da ta ja dogon numfashi za ta fara roƙo.

Ba ta iya doguwar addu'a ba. Da Hausa take yi, tana gaya wa Ubangiji cewa shi mai afuwa ne, yana son afuwa, ya yi mata afuwa. Ta maimaita wannan ban san sau nawa ba. Sannan ta kira ƙanwarta da sunan da take kiranta tun suna yara, ta ce, "Na ajiye taɓaryar, kin ji? Na makara, amma na ajiye." Ni ma na yi nawa roƙon, na iyayena da na Malam, da na wannan baiwar Allah ta Gwiwa da ban taɓa gani ba.

Tun muna yara ake gaya mana a daren nan bishiyoyi suna yin sujada, dabbobi kuma ba sa kuka. Ban ga bishiyar da ta sunkuya ba. Can wajen sahur ma jakin maƙwabta ya ɓarke da kuka, har Kaka ta ji. Na ce a raina shi ke nan, ba daren ba ne. Ita kuwa sai na ji bayanta yana girgiza, ashe dariya take yi. Ta ce, "Rabu da shi, wannan jakin ko ranar kasuwa bai sani ba."

Da na kawo sahur ta ci tuwo fiye da yadda na taɓa ganin ta ci, ta sha fura ta ƙara. Ta ce, "'Yar boko, ban sani ba ko mun dace da daren, ko kuwa shi ne wanda muka yi barci a cikinsa. Mai daren ya sani. Ni dai kafaɗar nan tawa ta yi sauƙi." Na tambaye ta ko in shafa mata man zafi. Ta ce ba irin wannan ciwon take nufi ba, in je in wanke kwanuka.

Ba shi ne azuminta na ƙarshe ba. Ta ƙara huɗu, kuma kowanne sai ta sanar da mu shi ne na ƙarshe. Ƙoƙon kuwa a hannuna ta bar shi tun daga shekarar, ni nake jefa ƙwallon, in na faɗa mata kwanan wata ta ce, "Da ido ko da takarda?"

Kwana uku bayan sallar wannan shekarar, Malam yana goge babur ɗinsa zai koma Kazaure, sai ga Kaka ta fito da farin mayafinta da ɗan ƙullin goro da daddawa. Ita da ta rantse ba za ta taɓa hawa wannan abin ba, ko kusa da shi ba ta yarda ta wuce. Ta ce ya kai ta Gwiwa wajen 'ya'yan ƙanwarta. Malam ya ce hanya ba kyau, ruwa ya cinye ta, ta bari a nemi mota ranar kasuwa. Ta ce, "Na taɓa cewa sai da kaka. Yau za ni."

Muka ɗaga ta mu biyu muka ɗora a baya. Na kawo zane na ɗaure ta a jikinsa kamar goyo, na ƙulle a ƙirjinsa. Ta runtse idanun da ba sa gani, ta ƙanƙame rigarsa tana salati. Da ya tayar da injin ta ƙwala mini kira a kan ƙarar, ta ce, "Ƙawata! In kin ga dama ki share ɗakin. Amma ƙarƙashin gado, ki ji tsoron Allah!"